Baron Auta a Tsakiyar Gada

Dogo ya tsufa a bayan baro, kuma duk tsufan nan bai taɓa tura shi ya wuce rabin gada ba. Haka dokar take: mai baron wannan ƙasa ya kai kaya tsakiyar gada, inda aka ja farin fenti, mai baron waccan ƙasa ya karɓa. Waɗanda suka ja fentin ba su taɓa ɗaukar ko buhun gishiri ba, amma wa ya isa ya tambaye su?

Mai karɓar kayan Dogo ƙanensa ne, Auta, wanda aure ya zaunar a tsallake. Zumuncinsu duk a bakin fentin nan suke yinsa, buhu a kafaɗa. "Yaya, ka tsufa fa," Auta kan ce, "buhun ma ya fi ka tsayuwa." Dogo ya ce, "Ɗaure kayanka, sarkin surutu." A nan ya ji haihuwar 'ya'yan Auta, a nan ya gaya wa Auta rasuwar mahaifiyarsu su biyun. Da hannun baron Auta ya tsage ma, Dogo ne ya naɗe shi da robar taya, yana tsugune daga nasa ɓangaren.

Sai manya suka saɓa, aka rufe iyaka. Ranar ƙarshe Auta na ta tari, ya ce mura ce. Ba a jima ba wayarsa ta daina shiga. Dogo ya koma dako cikin kasuwa. Da farko yakan tsaya bakin shinge ya hangi tsallake, daga baya ya daina. Ba haƙuri ya yi ba, zuciyar ce ta mutu kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Matarsa ta zuba abinci ya ci, ko da gishiri ko babu bai sani ba.

Da aka buɗe iyakar, ya loda buhunan albasa ya hau gada. Tun daga nesa ya ji kukan tayar da ya sani, ya hango baƙar robar nan. Amma mai turowa wani gajeren mutum ne da bai taɓa gani ba.

"Kai ne yayansa?" mutumin ya tambaya. "Ni maƙwabcinsa ne. Sai haƙuri, Malam. Tun damina."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Dogo, kamar rasuwar wani can ake gaya masa. Ya jira kuka ya zo, bai zo ba. Masu baro na bayansa suna ta "hanya, hanya". Ya sunkuya ya juye buhunan, ya ɗaure su da irin ƙullin da Auta yake so.

Mutumin ya kama baro zai juya, Dogo ya tsayar da shi.

"Tayar tana ja hagu," ya ce. "Ka riƙa danna dama. Tsaya, robar ta kwance."

Ya tsuguna daga nasa ɓangaren fentin, ya miƙa hannu ya sake naɗe ta.