Labaran Mai Alli da Hancin Marigayi Audi

Labaran ɗan manoma ne daga wani ƙauye kusa da Mairuwa, kuma bai taɓa gama kunya ɗaya a gona ba tare da ya tsuguna ya zana wani abu a ƙasa ba. Wata malamar asibitin mishan ce, da za ta koma gida, ta bar masa akwatin alli mai launi da takardu masu kauri. Da su ya kama sana'a.

A shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, kowa so yake a ga fuskarsa a bango. Labaran ya kafa benci a kasuwar Yankara, sai ga masu ɗaukar hoto daga Funtuwa, suka kwashe masu rai kaf, suka bar masa matattu.

Mutum zai zo da baffansa ya ce, "Zana mini babana. Kamar baffana yake, amma ya fi shi haƙuri." Labaran ya ƙare wa baffan kallo, ya sassauta masa gira, a karɓi zane ana hawaye.

Asibi mai daddawa ta sa ya zana mijinta Audi, wanda ya shekara uku da rasuwa. Alli dai ba ya son hannu, ita kuwa kullum sai ta shafa fuskar. Ran kasuwa ta dawo.

"Malam Labaran, hancin ya tafi."

Ya mayar da hanci.

"Ɗan ƙara mashi tsawo," in ji ta. "Marigayi ya sha cewa haka ya so."

Mako na gaba kunne ne ya goge. Daga nan ta nemi gemu, wanda Audi bai taɓa ajiyewa ba, sannan wushirya da tabo a goshi. Labaran na cikin gyara tabon ya ɗaga kai, ya hangi Mani mahauci a rumfarsa yana sarar ƙashi. Ya dubi takarda, ya sake duban Mani. Ya ƙarasa aikinsa.

Bayan girbi Asibi ta auri Mani. Ya rataye zanen a zaure, yana gaya wa baƙi shi ne. Dangin Audi kuwa in sun zo, sai su tsaya gaban zanen su yi wa ɗan'uwansu addu'a, Mani na cewa amin.

Da kuɗin mai suka ja baya, allin ya daina samuwa ko a Zariya. Kore kaɗai ya rage wa Labaran, saboda haka mamatan garuruwan Sheme da Sabuwa na wancan lokaci duk koraye suka fito. Babu wanda ya dawo da nasa.