Ranar da Marlys ta hana a gyara wuta

Marlys Tollefson mace ce mai tambayar tsiya. Rabin rayuwarta ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a wani ɗan gari na arewacin jihar Minnesota ta Amurka, kuma ba yaron da ya taɓa sauka ba ta san abin da ya karya kumallo da shi ba. Da ta yi ritaya sai ta kafa ƙungiya, suka ari ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani tsohon coci suna dafa wa tsofaffin da ke zaune su kaɗai abincin rana. Damuwarsu ɗaya ce, injin ɗumama ginin ya tsufa tukuf.

Bara ta nemi tallafi a gidauniyar yankinsu. Ƙungiyoyi suka yi ca, aka zaɓi wasu aka bar ta. Da wata ce, fushi za ta yi. Marlys kuwa waya ta ɗauka, don matambayi ba ya ɓata.

"Gaskiya mun ɗauka ba kwa buƙata," in ji Kalia Vang, jami'ar gidauniyar. "Ke da kanki kika rubuta wai injin yana ɗan ƙoƙari."

Abin ya tsaya wa Marlys a rai. Mutanen garin nan, ko ƙafar mutum ce ta karye, ka tambaye shi sai ya ce, "Ba laifi." Ashe roƙo ma sai an koya?

Bana mai duba gine-gine ya ce a sauya injin kafin ƙanƙara ta sauka, ko a rufe wurin. Ta sake nema, Kalia ta ce za ta zo ta gani da idonta. Marlys ta ja kunnen masu taya ta aiki kada a ɓoye komai. Ina! Ranar zuwan Kalia da safe ta tarar Duane Kettunen, tsohon mahaƙin ma'adinai mai yi musu gyare-gyare, ya bi gida-gida ya aro hitoci, ƙananan na'urorin ɗumama ɗaki na lantarki, ya ɓoɓɓoye su bayan labule.

"Duane, ka ji tsoron Allah! Me na ce maka?"

"Haba Marlys, baƙuwa ce fa. Mu bar ta tana rawar ɗari? Me za a ce da mu?"

Kalia ta iso, ta ji ɗumi, ta tuɓe rigar sanyi. Aka zuba mata gasasshen dankali da nama. Ta tambayi Duane lafiyar injin.

"Ba laifi," ya ce. "Na wasu ya fi shi lalacewa."

Marlys ta ji kamar ta kwaɗa masa ludayi. Ana haka wata ta jona tukunyar kofi, kaya suka yi wa layin lantarkin yawa, wuta ta ɗauke ɗif. Duane ya zabura.

"Zauna," in ji Marlys.

"Yanzu zan..."

"Na ce ka zauna!"

Sanyi ya fara ratsowa ta ƙasa. Tsoho Orville, wanda matarsa ta rasu bara, ya zaro safar hannu daga aljihu ya saka, ya ci gaba da cin abincinsa. Sauran ma haka, ba wanda ya ko ɗago kai. Marlys ta saki baki. Duk tambayarta, ba ta taɓa tambayar kanta tun yaushe suka saba da cin abinci da safa ba.

"Kullum haka ne?" Kalia ta tambaya.

Kowa ya zuba wa kwanonsa ido. Kunya ta kama Marlys har wuya, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

"Kullum," ta ce. "In ba mu samu ba, rufewa zan yi. Orville ya koma cin abincin gwangwani a tsaye, shi kaɗai. Muna buƙata, Kalia. Ku taimake mu."

Orville ya ajiye cokali. "Ba ta yi ƙarya ba," ya ce a hankali.

Kafin ƙanƙara ta sauka aka kafa sabon inji. Da Kalia ta leƙo ta tambayi Duane yadda yake aiki, ya ce ba laifi. Marlys kuwa hannun Orville take kallo, yana gutsurar burodi babu safa.