Ɓawon da na kawo wa Baba Inuwa

Har yau ban manta da ranar da na shiga dajin bakin teku ba. Lokacin ina ɓangaren ɗaurin kaya a wani kamfanin fata a Challawa. Ƙa'ida ce duk kwantenar da za ta Legas sai ma'aikaci ɗaya ya raka direba, ya ga an miƙa ta a tashar jirgin ruwa. Baba Inuwa, tsohon majemin da ya koya mini aiki, shi aka sa. Ya daɗe yana son ganin ruwan da fatunmu ke hayewa. Ana gobe tafiya ƙafarsa ta kumbura, manaja ya ce ni zan je.

"Ka buɗe ido, Sale," in ji Baba. "Kada ka dawo ka ce mini ruwa ne kawai."

A Legas takardu suka tsaya kwana biyu. Na roƙi wakilin kamfani, ya ba ni wuni ɗaya. Wani mai kwalekwale ya shiga da ni dajin. Itatuwan a cikin ruwa suke tsaye, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu. Birai na tsalle a kanmu, kaguwa na gudu a laka. Ya nuna mini wata tsohuwar hanya, ya ce ta nan ake bi da bayi zuwa jirgi, har da mutanenmu na Arewa. Na yi musu addu'a.

Da ya ji ni majemi ne, sai ya ce kakanninsa da ɓawon itacen nan suke jimar fata. Na zaro wuƙa don in yanko wa Baba kaɗan.

"A'a, aboki, ba a yanka a nan!"

Ya lalubo wani da ya faɗo da kansa, ja wur, ya ba ni.

Da na dawo, na sami Baba a gida a kwance, na miƙa masa tsarabarsa. Ya shinshina ɓawon, ya ɗan tauna.

"Bauri irin na bagaruwa. Ashe can ma akwai 'yan uwanmu. In na warke kai za ka kai ni."

Ƙafar ba ta sake barinsa ya dawo aiki ba. Ku yara masu koyon aiki yanzu, wannan sana'a ta fi katangar kamfani faɗi, kuma masu yinta da yawa ba sa ganin inda take kaiwa. Duk ranar da aka rufe kwantena, nakan tsaya a bakin ƙofa har ta sha kwana.