Wayar da Yayana Bai Bugo Ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi, ina ganin yadda mutane ke sauke abin da ya tokare musu ƙirji, ni kuwa na riƙe nawa har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Ba zan ambaci sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru ina 'yar shekara ashirin da ɗaya, budurwa mai baki kamar reza, wadda ba a kayarwa a musu. Gidanmu a Fagge yake. Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare, kuma cikin 'ya'ya bakwai da Inna ta haifa, ni da yayana kaɗai Allah ya bar mata. Ina aikin buga tafireta a wani shago a titin Ibrahim Taiwo. Wayar hannu ba ta zo ba tukuna, amma a shagon akwai tarho baƙi mai nauyi a gefen teburina. Duk layinmu ni kaɗai ke wuni kusa da tarho, kuma wallahi ina ji da kaina a kan haka.

Yayana a jirgin ruwa yake aiki. Har yau in na faɗa sai a yi dariya, wai Bakano a teku, mutumin da iyakar ruwan da ya sani kududdufin unguwa ne. Motar shanu ya bi zuwa Ikko, can ɗan wani maƙwabcinmu ya sama masa aiki a ɗakin injin wani jirgin dakon kaya, mai kai siminti da shinkafa ƙasashen bakin teku. Sau biyu yake zuwa gida a shekara. Kai, waɗancan kwanaki! Ya sauka a tashar mota ta Bata da jaka cike da busasshen kifi da turare, gidan ya cika da maƙwabta, ya baje a kan tabarma a tsakar gida yana ba da labarin ruwan da ba shi da tsallake. Inna ta ce ya daina yi mata ƙarya da girmanta, ba ruwan da Allah ya yi bai yi masa gaɓa ba. Abin da ya fi damunta alƙibla ne. Ya ce mata sai ka ta da kabbara kana fuskantar gabas, kafin ka yi sallama jirgin ya juya da kai kudu. Ta riƙe haɓa tana salati, mu kuwa muna ta sheƙa dariya.

Matarsa 'yar Sabon Gari ce, iyayenta Yarabawa Musulmi, kakanta fataucin goro ne ya kawo shi Kano. A nan aka haife ta, Hausarta har ta fi tawa. Tela ce, mai sanyin hali, kuma tsararrakin juna muke. Shekararsu ɗaya da rabi da aure, ba ta haihu ba tukuna. Tsari ɗaya muke da shi a gidan: duk tashar da jirgin ya tsaya, Yaya zai bugo shagonmu, ni kuma in an tashi in kwaso saƙo in kawo. Inna ta ba ni tukwicin goro, matar Yaya ta ja ni ɗaki ta ce in maimaita mata tun daga sallama. Babu wanda ke jin muryarsa sai ni.

Wayarsa ta ƙarshe daga Ikko ya bugo, ya ce tafiyar mako biyu ce. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya shiga. Sai ga wani mutum daga kamfanin ya zo har zauren gidanmu. Ya ce jirgin ya bar tasha lafiya, a rana ta uku sun yi magana ta rediyo sun ce komai lafiya, daga nan shiru. Ba a yi guguwa ba. An bi hanyar an duba, ba a ga katako ɗaya ba, ba a ga mai a kan ruwa ba, ba a ga gawa ba. Jirgi kamar unguwa guda, da duk mutanen cikinsa, kamar an ɗauke shi da cokali. Nan fa kowa ya zama masani. Wasu suka ce 'yan fashin teku ne, wasu suka ce mutanen ruwa ne, wasu suka ce mai jirgin ne ya sayar da shi aka sake masa fenti. Ba a daɗe ba kamfanin ma ya rufe, ba wanda za ka tambaya.

Inna ta faɗi. Hawan jini ya taso mata, ta daina cin abinci, ta koma kamar tsinke. Kullum na dawo daga aiki tambayarta ɗaya ce, ko ya bugo. Kullum in ce a'a, ta juya fuska bango. Likita ya gaya mini a fili cewa in ba ta fara ci ba, mu shirya. Rannan da la'asar na shigo, ta ɗago da ƙyar ta yi tambayarta, sai kawai na ji bakina ya ce e. Wallahi ban shirya ba, a bakin ƙofa ma ban san zan faɗa ba. Na ce layin ba kyau, amma na ji muryarsa, ya ce an tsare jirginsu a wata ƙasa kan maganar takardu, suna nan da rai, a yi musu addu'a. A ranar Inna ta sha kunu kofi biyu daga hannun matar Yaya. Washegari aka toya waina aka yi sadaka, mata suna shigowa barka. Ni kuwa a raina ina cewa na ceci uwata.

Ita ƙarya ciki gare ta, sai an riƙa ciyar da ita. Duk bayan wata uku ko huɗu, in na ga Inna ta fara komawa ruwa, sai Yaya ya sake bugowa. Matarsa ta ja ni ɗaki kamar da, ta ce ita me ya ce a gaya mata. To me zan ce? Na ce ya ce yana kewarta, ta yi haƙuri, kada ta je ko'ina, yana nan tafe. Ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana murmushi. Daga nan ta fara zuwa shagonmu duk Asabar da ɗinkin hannunta, ta zauna a benci, ko Allah zai sa ya bugo tana nan. Tarho na yin ƙara sai ta saki allura ta zuba mini ido. In ɗaga, in ce mai neman a buga masa takarda ne. Sai ta ce ba komai, ita ce ba ta da sa'a, kullum sai ranar da ba ta zo ba yake samun layi.

Bayan shekara ɗaya da wani abu, mahaifinta ya zo gidanmu tare da wani malami. Dattijo ne mai hankali, bai zo da faɗa ba. Malamin ya yi bayanin hukuncin matar da mijinta ya ɓace: za ta kai maganar gaban alƙali, ya yi bincike, in ba a sami labari ba ya yanka mata shekara huɗu, bayan su ta yi takaba, sannan ta zama mai ikon kanta. Ya ƙara da cewa shekarun nan huɗu ba daga ranar ɓacewa ake ƙirga su ba, sai an je gaban alƙali suke farawa. Saboda haka mahaifinta ya ce gara a je yanzu, in mijin ya dawo alhamdulillahi, ba a yi asarar komai ba. Sai ya sa aka kira ni. Ya ce 'yarsa ta ce ni ke jin muryar, to in dubi girman Allah in gaya masa, na tabbata shi ne? Inna na zaune a gefe tana kallon bakina. Na sunkuyar da kai na ce shi ne, Baba. Matar Yaya ta ce to shi ke nan, mijin da ake jin muryarsa ba ɓatacce ba ne, ba za ta kai shi kotu ba. Dattijon ya dube ni ya daɗe, ya sa takalmansa ya tafi.

Haka muka ci shekara shida. Ni na yi aure, na haifi uku, ita ke goya su, ita ke ɗinka musu kayan salla. Ita ke dafa wa Inna, ita ke yi mata wanka da jiki ya ƙi. Sau nawa na ɗaura niyyar faɗa? Ban san iyaka ba. Sai in ce bari Inna ta ɗan warware, bari azumi ya wuce. Gaskiyar magana ita ce daga baya ba Inna nake karewa ba, kaina nake karewa, don ban san da wace fuska zan dubi unguwa ba.

Inna ta rasu tana da yaƙinin ɗanta na da rai. Bayan sadakar arba'in na sami matar Yaya da hantsi tana kan keken ɗinki, na durƙusa na gaya mata komai. Na so ta mare ni, na so ta tara mini jama'a. Ba ta yi ba. Ta ɗauke ƙafa daga keken, ta tambaye ni wace waya ce ta gaskiya ta ƙarshe, kuma me ya ce a gaya mata a cikinta. Na ce ta Ikko ce, kuma cewa ya yi in gaya mata ya samo almakashin da ta ce ya nemo, zai taho da shi. Ta gyaɗa kai ta ce wannan kam shi ne. Ta ce dama tana mamakin inda ya koyi daɗin baki, mutumin da ko sannu sai ya yi kamar an matse shi, amma ta ɗauka wahala ce ta sauya shi. Sannan ta ce in tashi, gwiwata za ta yi ciwo.

A makon ta je gaban alƙali, kuma a lokacin shekara huɗun suka fara. Ta yi su cif, ta yi takaba, ta bar gidanmu bayan fiye da shekara goma da tafiyar jirgin. Daga baya ta auri wani dattijo da matarsa ta rasu a Rijiyar Lemo, mutumin kirki. Allah bai ba ta haihuwa ba. Na san haihuwa ta Allah ce, malamai sun gaya mini, ita ma ta gaya mini, ta kuma ce ta yafe. Amma da na ce wa mahaifinta ban tabbata ba, da ta fita da ƙuruciyarta a hannu. Wannan na san shi, kuma da shi zan shiga kabari.

Jirgin dai har yau ba wanda ya san inda ya shiga. Allah ya jiƙan Yaya da duk waɗanda ke cikinsa, in kuma akwai mai sauran numfashi, Allah ya sada shi da nasa. Ku kuma masu karatu, musamman wanda duk gida ke jiran labari daga bakinsa, ku ji tsoron ƙaryar tausayi, don ta fi ta mugunta wuyar ajiyewa. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, ka zauna a yi kukan tare. Kafin ka faɗi abin da zai sanyaya zuciyar mutum ɗaya, ka duba ɗakin da kyau ka ga wa zai biya. Ni Inna kaɗai na duba, ban waiwaya na ga yarinyar da ke tsaye a bayanta riƙe da kofin kunu ba.