Karsanar Mbah Warsiman

A ƙauyukan da ke gindin dutsen Merbabu, in ka hango damin ciyawa yana tafiya da ƙafa biyu, to Mbah Warsiman, wato Kaka Warsiman, ne a ƙarƙashinsa. Tun yana saurayi yake kiwon shanun madara, amma ko jela ɗaya bai taɓa mallaka ba. Duk na mutane ne. Shi dai ya yanko ciyawa, ya wanke su, ya tatsa.

Sai da gwiwoyinsa suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sannan wani mai shanu, Haji Dulkamid, ya ba shi amanar wata 'yar karsana mai baƙi da fari. Al'ada kuwa ba ta canja ba: wanda ya raini karsana tun tana ƙarama, ɗan farinta nasa ne. Tsoho ya ga samu.

Tana cika shekara ta fara kukan neman namiji. Bai yi wata-wata ba ya kira Sugeng, mai yi wa shanu allurar barbara. Sugeng ya dubi ƙugunta ya kwashe da dariya.

"Haba Mbah, wannan ai akuya ce aka yi wa fenti! Bar ta ta ƙara wata shida, ta yi jiki."

"Wata shida? Kai da gwiwarka lafiya lau! Ni kullum na hau dutsen nan sai na yi wa duniya bankwana."

Matar tsohon, Ngatinem, ta leƙo daga madafa. "Maigida, ka dai ji abin da mutumin nan ya faɗa."

"Ke, ji da rogonki kada ya ƙone!"

Sugeng ya yi allurar yana girgiza kai. Ciki ya shiga. Tsoho ya kafa sabon turke a gefen bukka, har da sabuwar igiya ya sayo wa maraƙin da ba a haifa ba.

Ranar haihuwa ƙugu ya ƙi buɗewa. Da wannan sabuwar igiyar maƙwabta suka ɗaure ƙafafun ɗan suka ja. Mace ce, kyakkyawa, amma ba rai.

Uwar ta tashi, sai dai girmanta ya tsaya cak. Hantsarta kamar dunƙulen hannu, madarar ko gindin bokiti ba ta rufewa. Sugeng ya yi ta zarya da allurarsa har damina ta zagayo, ba ta sake ɗauka ba.

Haji Dulkamid bai yi faɗa ba, gara ma da ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ka gaji, Mbah. Ka huta haka nan." Washegari mahauci ya zo ya ja saniyar.

Tun daga nan ba wanda ya sake ba shi amanar karsana. Har yau yana hawa dutse da laujensa, yana yanko wa shanun maƙwabta. Turken kuwa yana nan inda ya kafa shi. A kansa Ngatinem take kife tukunya ta bushe.