Gorar Datti

A Gaya, shekaru kaɗan kafin yaƙin Basasa, idan aka ce ga Datti nan tafe, magidanta kan yanke hira su je su duba katangarsu. Ba sarki ba ne, ba ɗan sarki ba, ko jaki bai mallaka ba. Gora ce kawai gare shi, doguwa, kamu biyar, wadda hannu ya goge har tana sheƙi.

Kowace shekara, da bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa daga gabas, mai unguwa kan tura shi ya bi lungu lungu. Sai ya riƙe gorar a gicciye daidai ƙugunsa ya yi ta tafiya. Tsawonta shi ne faɗin hanya tun kaka da kakanni, abin da zai ishi takarkari da kayansa, ya kuma ishi makara da masu ɗaukarta. Duk abin da bakin gorar ya taɓa, danga ce ko rumbu ko katanga, ran nan zai tashi. Bayan haka ya tsare masu gidaje su yashe kwatar da ke bin gefen lungu tana kai ruwa kududdufi.

Daga Kademi ya zo, wata shekarar yunwa, ɗan guntun saurayi mai siririyar murya, irin wanda ko a gayya akan manta a miƙa masa fura. Da tsohon mai gorar ya makance, kowa ya ƙi karɓa, don aiki ne na tara maƙiya. Datti ya karɓa da hannu biyu. Ladansa damin gero ne daga kowane lungu da kaka, amma ba geron ne ya dame shi ba. Abin da yake so shi ne ya ga ƙato mai gemu yana bin sa yana cewa don Allah. Shekara ashirin yana shan wannan romo, kuma bai taɓa gundurar sa ba.

Gidansa shi ne na ƙarshe a wani lungu da ya ƙure a jikin ganuwa, ba mafita sai hanya ɗaya. A ciki akwai matarsa Hanne, mace mai fara'a, wadda ita kaɗai ce a duk garin take dariya idan ya yi magana. 'Ya'yansu mata biyu sun yi aure a Balan. In dai Datti ya taɓa son wani abu a duniya ban da gorar nan, to Hanne ce.

A bakin lungun, daidai inda ya lanƙwasa, akwai gidan Hure, tsohuwa mai daddawa, wadda mijinta ya rasu. Wata shekara ta sa aka yi mata yaɓe don katangarta ta zaizaye, yaɓen ya yi kauri, gora ta zo ta karce shi. Karcen bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Hure ta fito tana share hannu a zani, ta ce, "Datti, ɗan nan, bari a kankare yaɓen. Madafina na jingine da katangar, in ta faɗi a ina zan dafa kalwa?"

Datti ya ce, "Gora ba ta da ido, tsohuwa."

Ta ce, "Ita ba ta da shi, kai fa?"

Ya sa dagi ya tunkuɗe katangar gaba ɗaya, tukwanenta uku suka fashe a ƙarƙashi. Sa'an nan ya ce ƙasar ma ta tare hanya, kada rana ta faɗi ya same ta a nan. Ba wanda ya yi ƙarfin halin taya ta. Tsohuwar nan ta yini tana jidar ƙasa a ƙwarya tana shigarwa cikin gida, shi kuwa yana zaune a inuwa yana cin goro. Daga baya ta ja baya ta sake ɗora wata katangar, ba ta kuma ƙara gaishe shi ba.

Gaba da gabanta. Bayan shekara uku Madugu Haruna, attajirin da fatakensa ke kai baƙin rini Barno, ya sayi gidan da ke kallon na Hure. Ya gina zaure na tubali, ƙato, aka shafe shi da makuba. Zauren ya ci kamu guda na hanya, ya kuma zauna daram a kan kwatar da ke fitar da ruwan lungun.

Da bazara Datti ya zo da gorarsa, ta cije tsakanin zauren da katangar Hure, ba gaba ba baya. Ya tafi wurin mai unguwa ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, zauren Madugu ya shigo hanya. Ya danne kwata kuma."

Mai unguwa yana sanye da sabuwar riga da rawani baƙi wul, ba sai an tambayi inda suka fito ba. Ya karɓi gorar ya jujjuya ta, ya ce, "Ni kuwa na daɗe ina ganin gorar nan ta yi tsawo." Ya zaro wuƙa ya ajiye a gaban Datti. "Ka rage mata kamu ɗaya. In hannunka ba zai iya ba, bar ta a nan, akwai mai so."

Datti ya dubi wuƙar. Ya tuna fuskokin mutanen da ya rushe wa danga shekara ashirin, ya ga kansa yana ratsa kasuwa hannu rabbana, ba gora. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya durƙusa ya yanke ta da hannunsa.

Da ya koma gida Hanne ta ga gorar, dariyar da ta saba yi ba ta zo ba. Ta ce, "Malam, to ruwan fa? Ta ina zai fita?"

Ya ce, "Ke dai ki yi shiru. Na san ƙasar garin nan kamar yunwar cikina. Gidan Hure ya fi namu kwari, can zai shiga."

Don ya tabbata, washegari ya ɗauki fartanya ya ja ɗan rami daga inda kwatar ta toshe zuwa gindin katangar Hure, daidai ramin da ruwan gidanta ke fita. Yana yi yana murmushi, a ganinsa ya yi dabara. Hure ta leƙo ta dube shi, ta koma ciki.

Abin da Datti bai sani ba shi ne wanda kowace mace a lungun ta sani. Namiji ba ya shiga gidan da ba nasa ba, shi kuwa iyakar saninsa daga waje ne, gidan Hure na da can yake tunawa. Ƙasar katangar nan da ya tilasta mata jida, ba ta da inda za ta zubar, sai ta baza ta a tsakar gida ta daɓe. Gidan Hure ya zama tudu. Hanne ma ta manta da zancen, don tun ranar rushewar kunya ta hana ta taka gidan.

Damina ta sauka, kurkunu ya kama Hanne a ƙafa biyu, ta kwanta ba ta iya tashi. Da marka ta kankama, wata ranar Laraba Datti ya fita tun da safe zuwa burtalin da ya nufi Ajingi, don an ce wani manomi ya dasa aguwa a hanyar shanu. Yana can yana sa mutumin ya tuge shingensa da hannu, ruwa ya tsuge. Tun hantsi ake yi har la'asar ba ƙaƙƙautawa. Datti ya fake a bukkar manomin, yana ma jin daɗi a ransa, yana cewa yanzu tukwanen Hure na yawo a kan ruwa.

Ruwan lungu ya zo bakin zauren Madugu ya tarar ba hanya. Ya bi ramin Datti ya dungure da tudun Hure, ya juya baya. Ya cika lungun, ya gangara ƙurya, ya shiga gidan ƙarshe ya tsaya, don bayansa ganuwa ce. Maƙwabta sun ce sun ji Hanne tana kira, amma kowa na fama da nasa ɗakin. Ginin ƙasa kuwa in ya sha ruwa daga gindi ba ya shawara. Ɗakin ya zauna a kanta.

Datti ya iso ana tono ta. Bai yi kuka ba, ya tsaya da gorar a hannu yana kallon ƙafafunta. Mata suka yi mata wanka a gidan maƙwabta, aka sa ta a makara don a kai ta kafin rana ta faɗi. Jama'a sun taru da yawa, saboda Hanne, ba saboda shi ba.

Aka ɗauko makara, aka zo lanƙwasar lungu, ta ƙi wucewa. Aka ja baya aka sake gwadawa, kan makarar ya doki zaure. Wani baran Madugu ya fito da gudu yana cewa, "Kai, ku yi a hankali mana! Bana aka shafa makubar nan!"

Aka tsaya cirko-cirko da gawa a kafaɗa, ruwa har gwiwa. Mai unguwa ya dubi zauren, ya kawar da kai, ya dubi katangar Hure. Ya ce, "Wannan ce ta tare hanya. Datti, aikinka ne."

Wani ya miƙa masa dagi. Hure na tsaye a ƙofar gidanta a kan tudun da ruwa bai hau ba, ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda.

Ta ce, "Wannan karon ma gorar ce ta ce?"

Datti ya ɗaga dagin ya soma saran katangar, matarsa na jira a bayansa. Sai da ya rushe kamu uku makara ta wuce.

Ya ƙara shekara bakwai a duniya, kuma bai ajiye aikin ba, don ba shi da wani abin riƙewa. Mutane sun daina yanke hira in ya taho. Kowace bazara yakan fito daga kangon gidansa da guntuwar gorarsa a gicciye, ya bi ta gaban zauren Madugu, ta wuce salin alin ba ta taɓa komai ba.