Na Ci Gardamar Tara, Na Rasa Bankwana

A shekarun tamanin ni saurayi ne ɗan Damagaram mai zafin kai, ina aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, gefen birnin Lyon na ƙasar Faransa. Wani dattijo ɗan garinmu ne ya karɓe ni ranar da na iso, ya shimfiɗa mini katifa a ɗakinsa, ya samo mini aikin. Baba nake ce masa. Faɗa kuwa kullum sai na sha a wurinsa, duk a kan bakina da ba ya mutuwa.

Da ciwon ƙirji ya kayar da shi ya ce gida za shi, na ce ni zan kai shi Paris ya hau jirgi, da tsohuwar motata. A hanya ya ce yana da magana, amma sai mun isa filin jirgi a natse. Na san ta, neman yafiya ce irin ta masu rabuwa.

A Paris na tsaya bakin wani kanti don ya saya wa 'ya'yansa turare. Muna fitowa sai ga wata ma'aikaciya tana maƙala takardar tara a gilashin motata. Kai, sai idona ya rufe! Ta ce an hana tsayuwa a nan, na ce ta nuna mini alamar. Baba yana jan rigata yana cewa in bari, jirgi ba ya jira, ni kuwa sai ɗaga murya nake, har 'yan sanda suka zo suka ce sai na bi su komisariya, wato ofishinsu. Haka Baba ya loda kayansa a tasi shi kaɗai, yana tari. Na ga bakinsa yana motsi ta taga, amma hayaniyata ta hana ni ji.

Ban daddara ba. Daga Lyon na yi ta rubuta ƙorafi har aka soke tarar, don ashe reshen itace ne ya rufe alamar. Ina cikin murna wani ɗan kasuwa ya dawo daga gida da labarin rasuwar Baba. Ya ce ya bar mini saƙo: shi ya yafe mini tun a cikin tasi, yana dai roƙon in yafe masa faɗan da ya yi ta yi mini, kuma a kai masa amsa. Wallahi a tsaye na fashe da kuka.

'Yan'uwa, gaskiya tawa ce a kan tarar, amma me ta tsinana mini? In kun yi wa naku rakiya, ku faɗi abin da ke ranku tun kuna tare, gardama ba ta guduwa. Ni har yau bayan kowace salla nakan ce na yafe, sai dai babu mai kai masa.